Yadda Ake Fara Yoga A Gida Cikin Minti 20

Da yawa daga cikin waɗanda suka yi sha'awar yoga sannan suka fasa, hoto ne ya kore su: wani ya kife kai ƙasa ƙafafu sama, wata ta naɗe kamar gammo. Wannan aikin waɗanda suka shekara da shekaru suna yi ne, kuma ba a nan amfanin lafiyar yake ba. Mai farawa ba ya buƙatar abin da ya wuce fili mai tsawon tabarma, minti 20, da iya bambance miƙewar tsoka da ciwo.

Daga Indiya yoga ta fito. Kalmar ta harshen Sanskirit ce, tushenta na nufin haɗawa, kamar yadda ake haɗa shanun huɗa da karkiya. Asalinta horon zuciya da tunani ne a cikin addinan Indiya, amma wadda ta bazu a duniya yau ta motsa jiki ce, kuma a ƙarni na 20 ta samu wannan siffar. Wani malami mai suna Krishnamacharya ya koyar da ita a garin Maisur a shekarun 1930, ɗalibinsa Iyengar kuma shi ya yaɗa amfani da katako, igiya da bargo don masu taurin jiki su ma su iya. A watan Disamba na 2014 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 21 ga watan Yuni a matsayin ranar yoga ta duniya.

Tambayar addini

Shin yoga ta halatta? Ita ce tambayar farko da Musulmi yake yi, kuma ta cancanci amsa a fili. Akwai abubuwa a wasu azuzuwan yoga da tushensu ibada ne: rera kalmar "om", karanta wasu addu'o'in Hindu, da jerin motsin da ake kira suriya namaskar, wato gaisuwar rana. Majalisar fatawa ta Malesiya ta hana Musulmin ƙasar yin yoga a 2008 saboda irin wannan. Majalisar malaman Indonesiya kuwa a 2009 ta rarrabe: ta haramta wadda ke ɗauke da bauta, ta bar wadda motsa jiki ce zalla. Saudiyya ta amince da koyar da yoga a matsayin wasan motsa jiki a 2017. Abin da ke ƙasa miƙa gaɓoɓi ne da numfashi kawai, babu rera komai, babu gaida rana. Wanda zuciyarsa ba ta natsu ba ya tambayi malamin da ya yarda da shi, ya nuna masa ainihin motsin, ba sunan kaɗai ba.

Wanda zai fara ganin likita

Mai hawan jinin da bai daidaita ba, da mai hawan jinin ido, su guji duk wani motsi da kai zai koma ƙasa da zuciya, domin yana ƙara matsi a cikin ido da kai. Wanda aka yi wa tiyata kwanan nan, har da wadda aka yi wa aiki aka ciro jariri, sai likita ya ba da izini. Haka mai ƙaba ko gwaiwa, da mai ciwon baya da ke sauka ƙafa yana sa ta mutu ko ta riƙa tsatstsafa kamar ana soka allura. Tsofaffi masu raunin ƙashi su bar sunkuyo mai zurfi da murɗa jiki da ƙarfi, saboda ƙashin baya yana iya tsagewa a hakan.

Mai juna biyu tana iya yi idan likitarta ta yarda, amma ba ta kwanciya rub da ciki, ba ta daɗewa a rigingine bayan wata uku na farko, ba ta murɗa ciki. Mai sikila ya kiyayi zafi da ƙishirwa. Akwai wata irin yoga da ake yi a ɗakin da aka ɗumama ya kai kusan digiri 40, wannan ba ta mai sikila ba ce, ba ta mai ciki ba ce, kuma gaskiya ba ta mai farawa ba ce. Wanda ke Sakkwato ko Maiduguri a watan Afrilu ma, ɗakinsa da rana ya kusa zama hakan ba tare da ya biya ko sisi ba.

Kayan aiki, wuri da lokaci

Shimfiɗar yoga ta roba tsawonta kamar santimita 173 zuwa 183, faɗinta kamar 61, kaurinta milimita 4 zuwa 6 ya isa. Babban amfaninta shi ne hana santsi. Idan babu, a shimfiɗa darduma mai nauyi a kan siminti. Tabarmar roba a kan tayil tana zamewa, nan ake samun targaɗe. Katifa kuwa ta yi laushi, wuyan hannu yana nutsewa, tsayuwa ba ta daidaita. A tanadi tawul a naɗe don gwiwa, filo ɗaya, ɗankwali ko tsohon rawani a madadin igiya, da kujera mai ƙarfi wadda ba ta da taya. Babu takalmi, babu safa. Kaya kuwa wando mai sakin jiki da rigar da ba za ta zubo kan fuska ba in an sunkuya.

Kada a yi da cikakken ciki. Bayan tuwo ko shinkafa a jira awa 2 zuwa 3. Bayan shayi ko ayaba ɗaya, rabin awa zuwa awa ɗaya. Mai ciwon suga da ke shan magani ko allura kada ya yi da yunwa, ya ajiye dabino kusa. Bayan sallar asuba lokaci ne mai kyau saboda sanyi da shiru, sai dai jiki ya fi tauri a lokacin, musamman da hunturu, don haka a fara da zagaye tsakar gida na minti 3. Da azumi, a yi bayan shan ruwa da awa 2.

Numfashi, minti 2

A nan ake farawa, kuma shi ne ma'aunin duk abin da zai biyo baya. A kwanta rigingine, a tanƙwara gwiwoyi, tafin ƙafa a ƙasa. Hannu ɗaya a kan ƙirji, ɗaya a kan cibiya. A shaƙi iska ta hanci ana ƙirga 4, a fitar ta hanci ana ƙirga 6. Hannun da ke kan cibiya shi ya kamata ya fi tashi. Idan na ƙirji ne ke hawa kafaɗu na ɗagawa, numfashin sama-sama ake yi, irin na mai fargaba. A rage yawan iskar, a sassauta ciki, zai sauko da kansa.

Dalilin tsawaita fitarwa shi ne, a lokacin fitar da iska bugun zuciya yake ɗan lafawa, ɓangaren jijiyoyin da ke kwantar da jiki ya karɓi aiki. Wanda ya ji jiri, yana zuƙar iska fiye da kima ne. Ya koma numfashinsa na yau da kullum na ɗan lokaci. Daga nan har ƙarshe ƙa'idar ɗaya ce: duk motsin da ya sa aka riƙe numfashi ko aka koma haki ta baki, an wuce iyaka, a ja baya kaɗan.

Kyanwa da saniya, sau 8 zuwa 10

A durƙusa kamar mai rarrafe. Tafin hannu daidai ƙarƙashin kafaɗa, yatsu a buɗe, gwiwa daidai ƙarƙashin ƙugu, tawul a ƙarƙashinta. Da shaƙar iska, a saki ciki ya sauka, a tura ƙirji gaba, a ɗaga kai kaɗan. Da fitarwa, a danna ƙasa da hannu, a ganɗara baya sama kamar kyanwar da ta ga kare, haɓa ta nufi ƙirji. Motsin ya bi numfashi, ba numfashi ya bi motsi ba.

Kuskuren da aka fi yi shi ne jefa kai baya har wuya ya lanƙwashe sosai, alhali tsakiyar bayan ko motsi ba ta yi. Ido ya tsaya a ƙasa, kamar taku ɗaya gaba da hannu. Idan wuyan hannu na zafi, nauyin duk ya taru ne a gindin tafin. A danna gindin yatsa manuniya da babban yatsa, ko a dunƙule hannu a dogara da shi.

Zaman yaro, numfashi 6

Daga nan a haɗa manyan yatsun ƙafa, a ware gwiwoyi, a koma da ɗuwawu kan diddige, goshi a ƙasa, hannaye a miƙe gaba. Idan ɗuwawu bai kai ba, a sa filo tsakaninsa da diddige. Idan goshi bai kai ba, a ɗora shi kan dunƙulallun hannaye. Wannan ne wurin hutu; ana iya dawowa gare shi duk lokacin da aka gaji.

Miƙewa da bango, numfashi 5

Akwai sanannen motsin da ake dafa ƙasa da hannu da ƙafa a tura ƙugu sama, jiki ya yi kamar rufin bukka. Mai farawa ya fara da na bango, wanda ke ba da kusan wannan miƙewar ba tare da wahalar da wuyan hannu ko sauke kai ƙasa ba. A dafa bango daidai tsayin ƙugu, a ja da baya har hannaye da gadon baya su miƙe sambal kamar tebur, ƙafafu daidai ƙarƙashin ƙugu. A tanƙwara gwiwa kaɗan, a tura ƙugu baya. Za a ji ja a bayan cinya da gefen haƙarƙari.

Tanƙwara gwiwar nan ita ce sirrin. Wanda ke wuni a zaune, tela a kan keken ɗinki, direba, ma'aikacin ofis, tsokar bayan cinyarsa takan yi tauri. In ya dage sai ƙafa ta miƙe sarai, tsokar za ta ja ƙugu, kwankwaso ya ganɗare, jan da ya kamata cinya ta sha ya koma kan ƙashin baya. Bayan mako 3 ko 4 sai a gwada na ƙasa, har yanzu da gwiwa a tanƙware, kuma ba dole diddige ya taɓa ƙasa ba.

Tsayuwar jarumi, numfashi 5 kowane gefe

A tsaya a ware ƙafafu kamar mita ɗaya. A juya ƙafar dama ta kalli gefe gaba ɗaya, ta hagu ta ɗan karkato ciki. A buɗe hannaye daidai kafaɗa, tafi na kallon ƙasa. A tanƙwara gwiwar dama har ta zo saman idon sawu, kada ta wuce shi, a kalli yatsun hannun dama. Gangar jiki ta tsaya a tsakiya, kada ta bi hannu gaba.

A leƙa ƙasa: idan ba a ganin babban yatsan ƙafar dama, gwiwa ta faɗo ciki, kuma wannan ne ke kawo ciwon cikin gwiwa bayan 'yan kwanaki. A tura ta waje ta daidaita da yatsa na biyu. Cinya za ta yi zafi ta ɗan yi rawa; wannan aiki ne, ba matsala ba. Kafaɗu kuma sukan hau kunne ba a sani ba, a sauke su.

Tsayuwar bishiya, daƙiƙa 20 zuwa 30 kowace ƙafa

A tsaya kusa da bango. A ɗora nauyi kan ƙafar hagu, a sa tafin dama a gefen idon sawun hagu, yatsu na taɓa ƙasa, gwiwa na kallon waje. In an daidaita, a ɗaga shi zuwa sha-raɓa. Daga baya yana iya hawa cinya, amma kada a taɓa ɗora shi a kan gwiwa, domin gwiwa ba a yi ta don turi daga gefe ba. Hannaye a ƙugu. A kafa ido a wani abu da ba ya motsi, ko ƙusa ce a bango. Tangaɗi ba gazawa ba ne, ƙananan tsokokin ƙafa ne ke koyon aikinsu. Ga wanda ya haura shekara 60, wannan motsin ya fi duk sauran daraja, saboda faɗuwa ce ke karya tsofaffi.

Gamsheƙa, sau 3

A kwanta rub da ciki, ƙafafu a miƙe, bayan ƙafa na danne ƙasa. Tafin hannu a gefen ƙirji, gwiwar hannu manne da haƙarƙari. Da shaƙar iska a ɗaga ƙirji kamar faɗin tafin hannu daga ƙasa, cibiya na ƙasa, a tsaya numfashi 3, a sauka. Ga gwaji: a ɗaga hannaye daga ƙasa. In ƙirji ya tsaya inda yake, tsokar baya ce ke aiki, haka ake so. In ya faɗi, da hannu ake turawa. Masu tura hannu har ya miƙe su ne ke tashi da tsinken ciwo a kwankwaso, domin duk lanƙwasar ta taru a wuri ɗaya.

Gada, sau 3

A juya rigingine, gwiwoyi a tanƙware, tazarar ƙafafu daidai faɗin ƙugu, diddige kusa da ɗuwawu har yatsan hannu ya kusa taɓa shi. A danna diddige, a matse ɗuwawu, a ɗaga ƙugu har ya yi layi ɗaya daga gwiwa zuwa kafaɗa. Numfashi 5, sannan a sauko a hankali. Kada a juya kai gefe ana sama. In bayan cinya ya ɗaure, ƙafa ta yi nisa, a matso da ita. In gwiwoyi na warewa, a matse filo a tsakaninsu.

Murɗa a kwance, numfashi 5 kowane gefe

A jawo gwiwoyi biyu zuwa ƙirji, a buɗe hannaye gefe, a saki gwiwoyin su faɗi dama a hankali. Kafaɗar hagu ta zauna a ƙasa. In tana tashi, a sa filo ƙarƙashin gwiwoyi. Kada a danna da hannu. Sai ɗaya gefen.

Hutu, minti 3 zuwa 5

A miƙe rigingine, ƙafafu a sake, tafin hannu na kallon sama, filo a ƙarƙashin gwiwa ga mai ciwon baya. A bar numfashi ya tafi yadda yake so. Masu gaggawa wannan suke yankewa, alhali a nan bugun zuciya ke komawa daidai. In za a tashi, a mirgina gefe, a dafa a zauna, a ɗan jira, sannan a miƙe. Tashi zumbur daga kwance yana kawo jiri, musamman ga mai shan maganin hawan jini.

Wane zafi ne na kirki, wane ne na tsayawa

Ja mai faɗi a tsakiyar tsoka, wanda ke sassautawa bayan numfashi 3 ko 4, shi ake nema. Suka mai tsini a wuri ɗaya, zafi a cikin gaɓa kanta kamar gwiwa ko kafaɗa, mutuwar hannu ko ƙafa, ko ciwon da ke gudu kamar lantarki, duk alamun a saki ne nan take. Ciwon ƙirji, ganin duhu ko bugun zuciya mara tsari, wannan na asibiti ne. Tsamin jiki da ke zuwa washegari ya kai kwana 2 ko 3 al'ada ce ta tsokar da ta daɗe ba ta yi aiki ba. Tafiya da ruwan ɗumi sun ishe shi. Ƙarar gaɓa da ba ta zo da ciwo ba, ba abin damuwa ba ce.

Kada a riƙa zabura ana dannawa don a kai hannu ƙafa. Tsoka in ta ji an fizge ta, ɗaurewa take yi don kare kanta. Kada kuma a bari wani ya hau baya ya danna wai taimako. Masu laushin jiki tun asali su ma su yi hattara, su ne suka fi saurin wuce iyakar gaɓa ba su ji ba. Abin da suke buƙata ƙarfi ne, ba ƙarin miƙewa ba. Wanda ya tashi yana zama a tabarma yana tsugunno kuwa, zai ga ƙugunsa da idon sawunsa sun riga sun buɗe. Inda zai sha wuya shi ne kafaɗa da bayan cinya.

Me za a samu, me ba za a samu ba

Hujjar da ta fi ƙarfi tana kan ciwon kwankwaso mai daɗewa. Ƙungiyar likitocin cikin jiki ta Amurka, a jagoran da ta fitar a 2017, ta sa yoga cikin hanyoyin da za a fara gwadawa kafin magani ga irin wannan ciwon. Tana ƙara laushin gaɓoɓi da daidaiton tsayuwa, tana rage damuwa, mutane da yawa kuma barcinsu yana gyaruwa. Tana iya ɗan sauke hawan jini, amma kaɗan ne, bai kai a ajiye ƙwaya ba. Ba ta warkar da ciwon suga, ba ta maganin rashin haihuwa, kuma zancen cewa murɗa ciki na wanke dattin jiki ba shi da tushe. Hanta da ƙoda ke wannan aikin.

Batun rage ƙiba ma a faɗi gaskiya: yoga mai taushi irin wannan ba ta ƙona kitse sosai, ba kuma ta narkar da tumbi shi kaɗai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba manya shawarar aƙalla minti 150 a mako na motsin da ke ɗaga bugun zuciya, da ƙarfafa tsoka sau 2 a mako. Don haka a haɗa ta da tafiya mai sauri ta minti 30, kwana 5 a mako.

Yadda za a ƙara

Mako 2 na farko, sau 3 a mako, a bar kwana ɗaya tsakani, misali Asabar, Litinin da Laraba. Minti 20 sau 3 ya fi awa ɗaya da rabi a rana guda, domin maimaici ne ke sauya tsoka. A mako na 3 da na 4 a ƙara rana ɗaya, ko a mayar da numfashi 5 zuwa 8 a jarumi da gada. Abu ɗaya ake ƙarawa a lokaci guda, ko kwanaki ko tsawon tsayuwa, don in ciwo ya ɓullo a san abin da ya kawo shi. Sauƙin jiki da na barci kan zo da wuri, amma sauyin laushin tsoka na gaske sai an ba shi mako 6 zuwa 8.

Mai koyo ta bidiyo ya kalla sau ɗaya a zaune kafin ya bi, don kada ya riƙa murɗa wuya yana leƙen waya yana tsakiyar motsi. Ya jingina wayar ya ɗauki kansa daga gefe sau ɗaya a mako, zai ga bayan da yake zaton a miƙe yake ashe a ganɗare. Mai neman malami kuwa ya lura ko ya tambaye shi ciwon da yake da shi kafin a fara, ko yana nuna sauƙaƙƙen salo na kowane motsi, ko yana neman izini kafin ya taɓa ɗalibi. Tsayuwa da kai da tsayuwa da kafaɗa, waɗanda ke ɗora nauyin jiki a wuya, ba a koyon su daga waya. Sai da malami a tsaye, bayan an yi watanni ana waɗannan na sama.